SHARHI: Dashen Itace, Tsabtar Muhalli da Kyautar da Ba ta Yankewa

Masu iya magana kan ce rigakafi ya fi magani. A 'yan shekarun nan da wuya damina ta wuce ba mu ji labarin ambaliya ta cinye gonaki, ta rusa gidaje, ta raba jama'a da muhallansu ba. Idan za a iya tunawa, a shekarar 2022 ambaliyar ruwa ta halaka sama da mutane 600 a faɗin ƙasar nan, ta kuma raba fiye da mutane miliyan ɗaya da gidajensu, inda Jihar Jigawa ta kasance cikin waɗanda abin ya fi shafa. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin Maiduguri, shekaru 30 bayan irin wannan masifa ta 1994. Haka kuma a ƙarshen watan Mayu na 2025 garin Mokwa da ke Jihar Neja ya wayi gari cikin juyayin rasa sama da mutane 150. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.

Duk lokacin da irin haka ta faru, jama'armu ba sa nuna ƙyashi. Attajirai kan aika da tirelolin shinkafa da gero, ƙungiyoyi kan tara tabarmi da barguna, har talakan da ba shi da komai yakan raba ɗan tuwonsa da maƙwabcin da ya rasa matsuguni. Wannan ɗabi'a ce ta gari da muka gada, kuma abin yabawa ce. To amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu, musamman mu mazauna karkara da waɗanda aka ɗora wa amanar jagorancinta: me ya sa hannunmu ke saurin buɗewa bayan ɓarna ta auku, amma yake nauyi wajen abin da zai rage aukuwar ɓarnar? Wannan shi ne abin da muke son mu duba a wannan sharhi.

Yadda ƙasa take gajiya

Babu shakka ruwan sama da fari duk daga Allah suke, kuma sauyin yanayi da duniya ke fama da shi ba manomin ƙauye ne ya haddasa shi ba, domin mafi yawan hayaƙin da ke ɗumama duniya daga ƙasashe masu manyan masana'antu yake fitowa. Sai dai irin ɓarnar da ruwa ko iska za su yi a wuri ta danganta ne da halin da suka tarar da wurin. Gonar da ke da itatuwa da ciyawa takan tsotse ruwa a hankali, saiwoyi su riƙe ƙasa, ganyen da ya zuba ya zama taki. Gonar da aka share ƙal kuwa, ruwa kan bi ta kanta a guje, ya kwashe ƙasar sama mai albarka, ya bar zaizaya da kwazazzabo. Idan rani ya yi, iska ta ƙarasa abin da ya rage. Wannan ne ya sa ake samun ambaliya da kwararowar hamada a yanki guda, a kuma shekara guda.

Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da dabbobi suka yi ta faɗuwa, mutane suka yi ta ƙaura zuwa birane. Tafkin Chadi da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya janye har ya koma ƙasa da kashi 10 cikin 100 na hakan a tsakiyar shekarun 1980, ko da yake ruwan ya ɗan farfaɗo daga baya. A arewacin Jihar Yobe, a yankunan Yusufari da Yunusari da Machina, tuddan rairayi na ci gaba da barazana ga gonaki da rijiyoyi da dausayoyi. A fadamun Haɗeja da Nguru kuwa, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda kogi ke malala, abin da ya shafi masunta da manoma da makiyaya baki ɗaya.

Wani sabon nauyi da ya hau kan dazuzzukanmu shi ne tsadar makamashi. Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, farashin iskar gas ta girki da kananzir ya fi ƙarfin gidaje da dama, har a birane. Mutane da yawa suka koma ga gawayi da itace. Duk wanda ke bin manyan hanyoyinmu yana ganin buhunan gawayi jibge a bakin titi, kuma abin da ke cikin waɗannan buhuna ƙirya ne da marke da kaɗanya da sauran itatuwan da kan ɗauki shekaru masu yawa kafin su girma. Ba za mu ɗora laifi kan uwar gidan da ke neman abin dafa wa 'ya'yanta abinci ba, haka shi ma matashin da ba shi da wata sana'a sai ƙona gawayi. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: idan ana sara ba a mayarwa, rana na zuwa da ba za a sami abin sarawa ba.

Ƙoƙarin hukuma da iyakarsa

Gwamnatoci ba su zauna haka kawai ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. A 2015 Najeriya ta kafa hukumar da ke kula da shirin a jihohi 11 da ke bakin hamada, wato Adamawa da Bauchi da Borno da Gombe da Jigawa da Kano da Katsina da Kebbi da Sakkwato da Yobe da Zamfara. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar sauyin yanayi ta ƙasa.

Duk da haka, wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a 2020 ya nuna cewa daga cikin hekta miliyan 100 da shirin ganuwar ke fatan farfaɗowa nan da 2030, kimanin hekta miliyan 4 kawai aka kammala a yankin da aka shata. Dalilan hakan suna da yawa, kama daga ƙarancin kuɗi har zuwa matsalar tsaro. Amma akwai dalili guda da kowane mai unguwa ya sani ba sai an gaya masa ba. Kowace shekara akan yi bikin dashen itatuwa, manyan baƙi su zo, a dasa, a zuba ruwa, a watse. Bayan wata uku akuya ta cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran, domin ba a yi wa dashen shinge ba, ba a kuma damƙa shi a hannun kowa ba. Itacen da ba shi da mai shi maraya ne, kuma ko nawa aka kashe wajen sayo shi, da wuya ya ga damina ta biyu.

Darasi daga Maraɗi

Gani ya kori ji. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar, waɗanda ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, sun nuna wata hanya. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya daɗe yana dashe a yankin Maraɗi dashen na mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kafin shuka tohon kututturan itatuwa ne masu rai, waɗanda saiwoyinsu ke nan daram a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi daga kowane kututture, ya datse sauran, ya kare waɗanda ya bari daga wuta da dabba. Tun da saiwar ta riga ta kai ga danshi, itacen kan girma da sauri ba tare da ban ruwa ba. Manoman yankin suka raɗa wa wannan dabara suna sassaben zamani.

Abin lura a nan shi ne rawar da kyauta ta taka. A lokacin yunwar 1984 an haɗa rabon abinci da sharaɗin cewa manomi zai bar itatuwa a gonarsa. Da aka daina rabon, da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari sai suka ga amfanin abin: itacen girki a kusa da gida, abincin dabbobi a lokacin bazara, da raguwar iskar da ke binne shuka. Daga nan maƙwabci ya riƙa koyi da maƙwabci. Bugu da ƙari, a da dokar daji ta mai da itatuwa mallakar hukuma, manomi na tsoron tara ko da a gonarsa ne. Da aka sassauta, har dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa haƙƙin mai gona a kan itacen da ya raina, sai abin ya bazu. Masana sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 an karrama Rinaudo da wata babbar lambar yabo ta duniya tare da marigayi Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya shahara wajen farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa ta hanyar haƙa ƙananan ramuka ana zuba taki a ciki.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Manomin ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa gawo na zubar da ganyensa da damina, ya fitar da sabo da rani, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, kuma geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kyau. Binciken da masani Michael Mortimore da abokan aikinsa suka daɗe suna yi a karkarar Kano ya nuna cewa duk da yawan jama'a, manoman da ke kewaye da birnin sun ci gaba da riƙe kuka da tsamiya da ɗorawa a gonakinsu, saboda kowane itace yana da mai shi, kuma yana kawo masa amfani. Ashe inda mallaka ta tabbata, itace na rayuwa.

Abin da kowane gida zai iya

Kula da muhalli ba sai mai kuɗi ba. Kafin damina, lokacin sharar gona, kowane manomi zai iya barin tohon sabara da kalgo da gawo da aduwa gwargwadon faɗin gonarsa, ya riƙa yi musu aski duk shekara yana amfani da rassan. Barin karmami da kara a gona maimakon cinna musu wuta yana riƙe danshi, yana kuma hana gobarar daji da ke cinye burtali da makiyaya. A inda ƙasa ta yi tauri, haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan gangare yana tare ruwa har ciyawa ta dawo. A cikin gida kuwa, ruwan alwala da na wanke-wanke da ba shi da sabulu mai yawa ya isa ya raya zogale ko gwanda ko mangwaro guda.

Haka zalika batun murhu. Murhun duwatsu uku yana watsar da mafi yawan zafin wuta a banza, alhali murhun laka da aka kewaye, wanda kowace mace za ta iya ginawa da yumɓu, yana rage cin itace sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar kimanin mutane miliyan 3.2 a duniya a 2020, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙarsa. Ke nan gyaran murhu da buɗe taga a ɗakin girki kariya ce ga daji, kariya ce kuma ga ƙirjin iyalanmu.

Sai kuma leda, wadda ta zame mana alaƙaƙai. Takan toshe magudanan ruwa, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, ko ya juya ya shiga gidaje. Mahauta sun san yawan ledar da suke tararwa a tumbin shanu da awaki. Takin bola da manoma ke kai wa gona, wanda a da zinare ne, yanzu rabinsa leda ce. Ƙasar Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, Jihar Legas kuma ta hana robar zuba abinci mai kama da soso a farkon 2024. Kafin doka ta iso mu, babu abin da zai hana mu koma ga kwando da jakar kaba da kwanon awo idan za mu kasuwa, wanda hakan ma zai farfaɗo da sana'ar masu saƙa na ƙauyukanmu.

Kyauta mai tsari

A nan ne muke kira ga masu hannu da shuni. Malamanmu sun karantar da mu cewa ya tabbata a cikin ingantattun hadisai duk wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka. Tarihi ya nuna yadda Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, da yadda Sayyidina Umaru ya mai da gonarsa ta Khaibara wakafi. 'Yan'uwanmu Kirista su ma sun san cewa an danƙa wa ɗan Adam amanar kula da ƙasa. Zakka tana da waɗanda aka ƙayyade a ba wa, wannan fage ne na malamai, amma ƙofar sadaka da wakafi a buɗe take. Jihohi da dama sun kafa hukumomin zakka da wakafi, kamar ta Kano da aka kafa a 2003, kuma ta Jihar Sakkwato ta shigar da dashen itatuwa masu 'ya'ya cikin ayyukanta na wakafi. Wannan abin koyi ne.

Sai dai kyauta ma tana da ladubba, kuma rashin kiyaye su kan ɓata ta. Na farko, a tambayi mutanen gari abin da suke bukata kafin a kawo musu; wataƙila gyaran tsohuwar rijiya ya fi musu sabon gini. Na biyu, duk mai bayar da dashe ya haɗa da kuɗin shinge da na mai ban ruwa har tsawon rani biyu, domin dashe 100 da suka rayu sun fi 1,000 da suka bushe. Haka mai gina rijiyar burtsatse ya tanadi yadda za a gyara ta, tun da garuruwanmu cike suke da famfunan da suka lalace aka rasa mai kulawa. Na uku, a kiyaye mutuncin mai karɓa. Ɗabi'ar jera mabukata a rana ana ɗaukar su hoto don a watsa a Facebook ta saɓa wa tarbiyyarmu. Na huɗu, duk wanda aka ba amanar rabo ya ji tsoron Allah, kada rijiya ta bayar guga ya hana, kuma kada a duba jam'iyya ko dangantaka.

Wani zai ce mai jin yunwa yau ba zai jira itace ya yi 'ya'ya ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mu ce a daina ciyarwa ba. Abin da Maraɗi ta koya mana shi ne ana iya haɗa biyun. Attajirin da ya ɗauki matasa goma na ƙauyensu aikin rainon dashe ko yashe magudana da rani ya ciyar da gidaje goma a yau, ya kuma bar wa garin abin da zai amfane shi gobe. Ƙungiyar da ta koya wa zawarawa gina murhun laka ko rainon irin itatuwa ta ba su sana'a, ta kuma rage saran daji.

Nauyin da ke kan shugabanni

Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare muhalli, kuma jadawali na huɗu ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, tare da sa hannu wajen bunƙasa noma da albarkatun ƙasa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda hakan ya ƙara sa jama'a zuba ido su ga abin da za a yi musu. Muna ganin ya dace kowace ƙaramar hukuma ta farfaɗo da wurin rainon itatuwa, ta ƙarfafa duba-gari da malaman daji, ta yashe magudanu tun kafin ruwan farko, ta kuma isar da hasashen damina da gargaɗin ambaliya da hukumomin tarayya ke fitarwa duk shekara zuwa ga manoma cikin harshen da suke ji. Mafi muhimmanci, a riƙa ƙidaya itatuwan da suka rayu bayan shekara guda, a bayyana adadin ga jama'a, a yaba wa garin da ya fi riƙe nasa.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san iyakar kowace gona da kowane burtali. Su ne za su iya zaunar da manoma da makiyaya a yi yarjejeniya kan yadda za a sassaki reshe ba tare da kashe itace ba, su hana gini a kan hanyar ruwa, su kuma tabbatar wa manomi cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne da 'ya'yansa. Limamai da malaman makarantu su ma suna da rawar takawa, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ba dashe guda a makaranta aka ce nasa ne har ya gama, ba zai manta ba.

Daga ƙarshe, muna tunatar da kanmu cewa kukar da muke miya da ita da tsamiyar da muke hutawa a ƙarƙashinta, wasu ne suka bar mana, kuma yawancinsu ba mu ma san sunayensu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yanzu ya kamata kowane gida da kowace unguwa su tsara abin da za su dasa da abin da za su bari a gona a damina mai zuwa, da kuma wanda zai kula da shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga ambaliya da fari, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.